Kullum da azumi take, jikinta kuma yana ƙarewa

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Daga Zariya nake rubuto miki, hankalina a tashe. 'Yar farina ce, shekararta 16, tana aji biyar a makarantar kwana. Tun tana ƙarama mai jiki ce, kakarta ta wajen uba 'yar lukuta take ce mata, mu ma mu yi dariya. Bara wajen bikin ƙanwata wata ƙawar amarya ta dube ta a gaban mutane ta ce telan da zai ɗinka mata anko sai an ƙara masa yadi. Ba ta ce uffan ba. Da ta dawo hutu na ga ta faɗa, har na ji daɗi, mutane suna ta yaba ta. Yanzu wata tara ke nan, abin ya wuce hankali. Ta fara da azumin Litinin da Alhamis, yanzu kusan kullum da azumi take, ba sahur, buɗa-bakin ma ba na kirki ba. Ita take mana girki, ta cika wa kowa kwano, ta ce ita ta ci a kicin. Ƙanwarta ta ce tana jin ta tana amai a banɗaki duk ranar da aka matsa mata ta ci. Wata huɗu ba ta ga al'adarta ba, gashinta yana zuba, cikin zafin bazarar nan da rigar sanyi take kwana, sau biyu jiri yana kayar da ita. An gwada taifot da maleriya da olsa, an ba ta maganin buɗe ciki, ta ƙi sha. Kakarta ta ce mayu ne ko sammu, an yi rubutu an yi hayaƙi. Babanta ya ce sangarta ce da kwaikwayon Turawa a waya, ya ƙwace wayar, ya ce zai zane ta. Malaminsu na Islamiyya kuwa yabonta yake yi. Ni ban san ta inda zan fara yi mata magana ba, kin san sha'anin 'yar fari, ko sunanta ba na faɗa. Me ke damun yarinyar nan?

Uwa mai neman mafita

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Zan fara da abin da ba ya jira. Yarinyar nan ba ta da lafiya, kuma ciwon ya kai a kai ta asibiti cikin makon nan, ba sai babanta ya huce ba. Abubuwa biyu a wasiƙarki suka ɗaga mini hankali: jirin da ya kayar da ita har sau biyu, da aman da ƙanwarta ke ji. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yakan rage bugun zuciya, jini ya sauka, shi ya sa take rawar ɗari lokacin da kowa ke neman mafici. Amai kuma yana wanke wani gishiri da ke cikin jini, ana ce masa fotashiyam, wanda zuciya ke dogara da shi wajen daidaita bugunta. In ya yi ƙasa sosai zuciya tana iya rikicewa farat ɗaya, ga yarinyar da aka gani da safe tana shara tana wanke-wanke.

Ku je babban asibiti, tunda kuna kusa da na koyarwa da ke Shika. Kada ki tsaya a "ba ta cin abinci", don wannan gajeren bayanin ne ya kai ku ga gwajin taifot da maganin buɗe ciki. Ki ba likita labarin kamar yadda kika ba ni, tun daga anko har banɗaki. Ki roƙa a auna nauyinta da tsawonta, a ƙirga bugun zuciyarta, a gwada jininta tana kwance da tana tsaye, a yi mata awon zuciya na na'ura, a duba gishirin jini da suga. Likita zai so ya tabbatar ba wata cutar ce ke ramar da ita ba, kamar tarin fuka ko ciwon suga ko na maƙoƙo. Zai kuma yi gwajin ciki tunda al'ada ta ɗauke. Wannan ƙa'idar aikinsu ce, kada ki yarda ta zama zargi a gida. Yunwa kaɗai ta isa ta tsayar da al'adar 'ya mace, don jiki in ya ga babu, sai ya fara rufe ɗakunan da zai iya rayuwa ba tare da su ba.

Abin da kika zayyana, likitoci anoreksiya suke ce masa. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa masa sunan a 1873, kuma sunan yana ɓad da mutane, don ma'anarsa rasa sha'awar abinci. Mai wannan ciwo yunwa tana cin ta dare da rana, tsoro ne kawai ya fi yunwar ƙarfi. Shi ya sa ta ƙi maganin buɗe ciki: abin da ta fi tsoro a duniya kika miƙo mata a cokali. Cikin cututtukan da suka shafi tunani, wannan yana sahun gaba wajen kisa, wasu zuciya ta tsaya, wasu ƙunci ya sa su hallaka kansu. Amma ana warkewa sarai, kuma yaran da aka tara da wuri su suka fi warkewa. Wata tara ba a makara ba.

Akwai wurin da na tsaya na sake karantawa a wasiƙarki: ita ke girki, ta cika wa kowa kwano, ta ce ta ci a kicin. Na san yadda wannan ke rikita uwa, har ta fara tunanin ko da gangan ake yi mata. Bari in ba ki wani labari. A 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu a Jami'ar Minesota ta Amurka, da yardarsu, don a gano yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar yaƙi ta galabaitar. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon mako 24, kowannensu ya zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Maza ne majiya ƙarfi, ba ruwansu da anko ko madubi. Sai ga su sun koma ba su da zance sai na abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki suna kwana karantawa. Suka riƙa gutsura abinci mitsi-mitsi, ɗan abin da za a cinye cikin minti kaɗan sai a daɗe ana juya shi. Sanyi ya dame su, suka zama masu saurin fushi, suka janye daga mutane, fara'arsu ta ɗauke. Yunwar ce ta jawo musu duk wannan.

Ki ɗora wannan a kan 'yarki. Yawan abin da kuke gani kuna cewa hali ne, da girkin, da shiru-shirun, da taurin kan, aikin yunwa ne a kan ƙwaƙwalwa. Maganar ƙawar amarya ce ta kunna wutar, amma yanzu wutar ba ta buƙatarta, da kanta take ci. Yunwa ta daskarar da tunani, daskararren tunani ya ƙara hana ci. Don haka wa'azi da lallashi da bulala duk ba sa shiga, kamar kana zuba ruwa a bayan ƙwarya. Sai jiki ya samu abinci tukuna hankali zai dawo a yi magana da shi.

Yanzu ga maganar babanta. Ba zan ce ya ɓata gaba ɗaya ba, don abin da ido ke gani yana da tasiri, kuma an taɓa ganin haka ƙuru-ƙuru. A tsibirin Fiji, mutane ne masu son cikar jiki kamar mu, in mutum ya fara ramewa sai dangi su tashi nema masa magani. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995, da finafinan Amurka da Ostareliya. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare sittin da 'yan kai a wannan shekarar, ba ta samu ko ɗaya mai tayar da amai don rage jiki ba. Da aka koma a 1998, kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi, kusan kashi uku cikin huɗu kuma sun ce suna jin jikinsu ya yi yawa. Cikin shekara uku ke nan. A 2021 ma an fallasa wani binciken cikin gida na kamfanin Facebook, inda kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Talabijin ɗin Fiji a falo take, kowa yana gani. Ta 'yarki a ƙarƙashin bargo take.

Inda na rabu da shi shi ne cewa ciwon na Turawa ne. Wannan zato ya daɗe har cikin likitoci, kuma ya sa an yi ta wuce yara irin taki ba a gane su ba. Ciwon yana nan a ko'ina, tufafinsa ne yake canjawa, ya sa irin na garin da ya sauka. A Hong Kong, wani likita mai suna Sing Lee ya bi majiyyata 70 masu wannan ciwo, ya tarar fiye da rabinsu ba sa zancen tsoron ƙiba sam. Cewa suke cikinsu ne yake kumbura, ko abinci ba ya wuce musu, don a can ciwon ciki ne uzurin da ake karɓa. A Turai ta da, kafin mujallu da hotuna, ta ƙofar ibada yake shiga, kamar Katarina ta garin Siyena a Italiya, wadda ta yi ta hana kanta abinci da sunan tsarkake rai har ta mutu a 1380 tana da shekara 33. Wanda ya fi kusa da mu kuwa a Gana aka yi shi. An auna 'yan mata 668 a makarantun sakandare biyu na karkara, aka buga sakamakon a 2004. Goma daga cikinsu sun rame ƙwarai, aka bincika ba a samu wata cuta ba sai hana kai abinci. Dukkansu goman da addini suka bayyana abin da suke yi, suna ganin kamun kai ne abin yabo, ba su ambaci siffar jiki ba.

To a gidan Bahaushe, wace riga ce ta fi azumi dacewa? Yarinya in ta ce "ba na ci don kada in yi ƙiba", dariya za a yi mata a tura mata kwano. In ta ce "azumi nake", kowa sai ya kama bakinsa, har a sa mata albarka. Ban ce 'yarki munafunci take yi ba. Zai yiwu ita kanta ba za ta iya raba miki inda ibada ta tsaya da inda ciwo ya fara ba. Ga kuma dogon hijabi da ke rufe ramar, sai abu ya yi nisa kafin a lura.

Shi ya sa nake son ku je wurin malamin nan, ke da babanta, ku faɗa masa komai. Bai san da amai ba, bai san da jiri ba, yarinya mai yawan nafila kawai yake gani. In ya ji, shi ne zai fi kowa taimaka muku, domin addini yana tare da ku a nan. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da sahur ya ce akwai albarka a cikinsa, ya kuma hana sahabbai haɗa azumin kwanaki ba tare da buɗa-baki ba. Da ya ji Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yana azumi kullum yana raya dare duka, kiransa ya yi ya hana shi, ya ce masa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Azumin farilla ma Alƙur'ani ya ɗauke wa majinyaci a Suratul Baƙara, ya rama in ya warke, balle nafila. Malam ya faɗa mata da bakinsa cewa ta ajiye azumi, har na watan Ramadan in ya zo likita bai sallame ta ba, kuma ba ta da zunubi. Maganar in ta fito daga gare ki za ta ji kamar kina hana ta lada.

Sai namu laifin, mu al'umma, wanda ba ma son a taɓa. Shekarun baya na je duba 'yar wata ƙawata a gidan mai gyaran amare. Na same ta zaune kan tabarma, jiki duk dilka, ga kwanon kunun gyaɗa a gabanta, a gefe kuma 'yar leda an ƙulle ƙwayoyi a ciki, ba kwali ba suna. Dangin ango ne suka ce amarya ta cika rama, sai ka ce ba a ba ta abinci a gidansu. Sha-ka-fashe ne. Ranar kamu kumatunta sun yi suntum, mata suna guɗa suna cewa amarya ta yi kyau. Bayan 'yan watanni aka kwantar da ita, suga ya hau. Yawancin ƙwayoyin nan deksametason ne, maganin da ke tara ruwa da kitse a fuska, ya hau da jini da suga, ya raunana ƙashi, a haɗa shi da wani na mura da ƙaiƙayi mai sa barci da buɗe ciki. A kantar da ake sayar da su, sau da yawa ga shayin rage tumbi nan a jere, wanda galibinsa maganin zawo ne. Ki duba akwatin 'yarki ko tana da shi, ki kai wa likita.

Ba mu kaɗai ba ne. A Muritaniya an daɗe ana ɗura wa yara mata nonon raƙumi da gero don su yi ƙiba kafin aure, Efik na Kalaba kuma suna da ɗakin da ake killace budurwa a ciyar da ita har ta cika. Duk hanya ɗaya ce: jikin 'ya mace ya zama abin da jama'a ke yanke wa hukunci. Abin da ya sauya shi ne yaranmu na yanzu suna tsakanin wuta biyu, gaba kura baya sayaki. Kaka tana son a ciko, waya tana son ciki ya shafe, wani lokacin ma waya ɗaya ce ke son ƙugu ya tsuke kuma baya ya fito. Mu kuma mun mai da awon jiki gaisuwa. Kafin a tambayi lafiyar hanya an ce "ke, wannan ƙiba haka", ko "me ya same ki kika zama kamar sillen kara". Magana zarar bunu ce. Ki tuna lokacin da 'yarki ta fara faɗawa, yarinyar da aka yi shekaru ana tsokana rana ɗaya ta ji ana yaba ta. Wannan yabon ya fi maganar anko yi mata illa.

Kada ki ɗauki wannan ki ɗora wa kanki. Dubban yara aka ce wa 'yar lukuta suka yi dariya suka wuce. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso babba a ciwon nan, kusan rabi ko fiye. Akwai kuma irin halin da yake so: yarinya mai biyayya, mai zurfin ciki, mai tsoron kuskure, wadda in ta zo ta biyu a aji ba ta barci. Ba ki faɗa ba, amma zan yi mamaki in ba haka take ba. Irin wannan yarinya, ga balaga, ga makarantar kwana inda ba mai lura da wanda ya je ɗakin cin abinci da wanda bai je ba, sai ta samu abu guda da take iko da shi ita kaɗai, wato abin da zai shiga bakinta. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci akwai abin da ya faru da yaro bai faɗa ba, cin zalin manyan ɗalibai, ko wani ya taɓa ta inda bai kamata ba. Ba na cewa haka ne. A bar ƙofar a buɗe kawai, wanda zai tambaya kuma ya tambaya a hankali, ba a gaban babanta ba. Masu karatu su sani samari ma ciwon nan yana kama su, kuma yana da 'yan'uwa: mai ci da yawa ta amayar a ɓoye jikinta bai nuna komai ba, da mai ci ba ƙaƙƙautawa cikin dare tana kuka.

Kakarta kuwa ƙauna ce ta sa ta tashi, a bar ta da addu'a da tofi, muna buƙatarsu. Abin da za ki tsaya a kai shi ne kada a ba yarinyar nan wani jiƙo mai sa amai ko zawo da sunan fitar da sammu, kada kuma a kai ta inda ake duka ko ɗauri. Jikinta ba zai ɗauka ba. A kuma daina kiran sunan wani da maita, kada a raba zumunci a kan abin da likita ke da sunansa.

Bayan an duba jiki, za a tura ku sashen masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa, ko a nan Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. Na san abin da zai zo miki a rai: za a ce 'yarki ta haukace, wa zai aure ta. Ba sai kin yi shela ba, asibiti kuka je, kuma gaskiya ne. Amma kada tsoron bakin mutane ya hana ku zuwa. Yarinyar da ta daɗe al'adarta a tsaye ƙashinta yana rauni a daidai shekarun da ya kamata ya yi ƙwari, wannan kuma asara ce da ba lallai ta dawo duka ba.

Hanyar da ta fi yi wa masu shekarunta aiki an tsara ta ne a asibitin Maudsley da ke Landan tun wajajen 1980, kuma ginshiƙinta iyaye ne. A taƙaice, iyaye su karɓe ragamar cin abinci daga hannun yarinya na wani lokaci, kamar yadda za su karɓe ba da magani in zazzaɓi ya kwantar da ita, sannan a riƙa mayar mata a hankali tana samun sauƙi. Ke za ki dafa, ke za ki zuba, ita ta fita daga kicin gaba ɗaya. Sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, abincin gida da ta saba, koko da ƙosai, fura da nono, tuwo, wake, ƙwai. A daina miƙa mata kwano ta shige ɗaki. Ki zauna da ita har ta gama, sannan ki riƙe ta da hira ko tsifar kai na kamar awa ɗaya, don a wannan lokacin ne tsoro ke tura ta banɗaki. Sai dai ki kula, kada ki karanta wannan ki je ki cika mata faranti yau. Jikin da ya daɗe a yunwa in aka ɗura masa abinci lokaci guda, wani gishirin jinin mai suna fosfet yana faɗuwa, zuciya ta shiga haɗari. Likita ne zai faɗa miki da nawa za a fara, kuma zai yiwu a kwantar da ita kwanakin farko ana gwada jini. In ya ce a kwantar, ki yarda.

Zan gaya miki gaskiya, makonnin farko za su yi ɗaci. Za ta yi kuka, za ta ce kin tsane ta, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga miki murya ba za ta iya watsar da kwano. Za ta ce cikinta ya cika, kuma ba ƙarya take ba, cikin da ya daɗe ba aiki yakan yi nawa kafin ya saba. Ki riƙa tuna cewa ciwon ne ke magana da bakinta. Ba faɗa, ba ciniki, ba "ki ci don ni". Murya a ƙasa, magana ɗaya: na san da wuya, ina nan tare da ke, ƙara loma. Babanta ya ajiye bulala ya zauna a tabarmar ko sau ɗaya a rana, don in ciwon ya ga baraka tsakaninku ta nan zai bi. Wayar kuma ƙwace ta a matsayin horo raba ta da ƙawayenta kawai zai yi. A mayar mata da sharaɗi, ku zauna tare ku goge shafukan rage jiki da take bi. Ƙanwarta a sauke mata aikin gadi, yarinya ce, ta riga ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Makaranta ta jira ko da zango guda ne, jarrabawa ana sake ta. Daka da ɗiban ruwa da duk wani aikin ƙarfi a ɗage mata.

Ki gargaɗi 'yan gidan da masu zuwa dubiya a kan kalma ɗaya. In ta fara murmurewa za su ce "masha Allah, kin ciko, kin yi kyau". Kunnenta "kin yi ƙiba" zai ji, kuma aikin wata guda yana iya rushewa a yammaci ɗaya. A yaba mata dariyarta da ta dawo, a bar jikinta. Sunan 'yar lukuta kuma a binne shi, ko a wasa. Sannan ki tambaye ta kai tsaye, ke da ita, ko ta taɓa jin gara ta mutu. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ta ce e, ko ta suma, ko ta ji ƙirjinta yana bugawa ba daidai ba, ko ta daina shan ruwa, a wannan daren za ku tafi asibiti.

Na bar maganar 'yar fari ƙarshe don ita ta fi taɓa ni. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini, in za ta ba ni abu sai ta aiko ƙanena, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba. Na san darajar wannan kara, ba kuma zan ce miki kuskure kika yi ba. Amma ni lafiyata ƙalau nake lokacin, ina iya karanta ƙauna a cikin shiru. Yarinyar da wata murya ke faɗa mata dare da rana cewa ba ta da daraja sai ta ƙara ramewa, shirunki shaida yake zama a wurinta. In akwai gwaggo ko inna da take sakin jiki da ita, a jawo ta ta taya ki, amma kada a miƙa mata aikin duka a ce ita ta fi kusa. Yau da dare, bayan ƙannenta sun yi barci, ki shiga ki zauna a bakin katifarta, ki kira ta da sunanta. Kada ki kawo zancen abinci. Ki ce mata kin ga tana shan wahala, ba fushi kike da ita ba, gobe da safe kuma tare za ku je asibiti. Zai yiwu ta juya miki baya ta ce lafiyarta lau. Ki ɗan ƙara zama, sannan ki je ki haɗa katin asibiti da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a baya, ki sa su a jaka tun daren. In kun dawo ki rubuto mini abin da likita ya ce.